FILIN WAYAR DA KAI: Kafin a ba da riga, a laluba aljihu

Bazara ta kusa ƙarewa. Masu bida sun fara dawowa gida don sharar gona. Wasu daga Abijan, wasu daga Legas da Kano, wasu daga Aljeriya da Libiya. Kowa da tsarabarsa. A shekarun nan, tsarabar da ta fi yawa a aljihun samari ita ce sabuwar salula, irin babbar nan da ake shafawa da yatsa. In sabuwa ta zo, tsohuwa sai ta koma hannun wani a gida. Ko tsoho, ko tsohuwa, ko uwargida, ko ƙane mai bin bisashe.

Wannan kyauta ce mai amfani. Manomi zai ji farashin hatsi da wake na kasuwar Maraɗi yana zaune gindin rumbunsa. Makiyayi zai tambayi inda ruwa ya sauka kafin ya kora garke. Tsohuwa za ta ji muryar ɗanta da ke nesa.

Amma akwai abin lura. Hauya in an ba da ita, an ba da ƙarfe da ƙota, shi ke nan. Waya kuwa tana tafiya da duk abin da ke cikinta: sunayen mutane, hotuna, muryoyi, labarin kuɗi da bashi. Wanda ya ba da waya bai gyara ta ba, kamar ya ba da riga ce da kuɗinsa da wasiƙunsa a aljihu.

MAGIDANTA BIYU, KUSKURE BIYU

Ga misalin magidanta biyu, maƙwabtan juna, a wani ƙauye na ƙasar Mayahi.

Na farko ya dawo daga Abijan da sabuwar waya. Ya kira ƙanensa, wanda ke kai shanun gidan arewa wajen Dakoro in damina ta faɗi. Ya zare katin layinsa daga tsohuwar waya, ya miƙa masa ita.

Ƙanen ya ce: "Yaya, ba a yi mata komi?"

Ya ce: "Na cire layina. Sa naka, shi ke nan."

Ashe layi kawai ya fita. Hotuna suna nan. Muryoyin da ya yi ta aika wa abokinsa suna nan. A cikin wata murya ya yi maganar gonar gado, ya faɗi abin da ke ransa game da baffansu, ƙanen mahaifinsu. Magana ce ta ɓacin rai, wadda aka yi a can nesa, da dare, tsakanin aminai biyu. Da ya dawo gida ma ya manta da ita.

Wata rana da dare yaran gidan suka ɗauki wayar suna neman waƙa. Suka taɓa muryar, ta tashi da ƙarfi a tsakar gida. Matar baffan tana wurin. Kafin gari ya waye magana ta kai bakin rijiya. Baffan ya daina amsa gaisuwarsa. Sai da liman da maigari suka sa baki kafin a zauna tabarma ɗaya. Hausawa sun ce magana zarar bunu ce. In ta fita ba ta komawa.

Maƙwabcinsa ya ga abin da ya faru, tsoro ya kama shi. Shi ma yana so ya ba mahaifiyarsa tsohuwar wayarsa. Ranar kasuwa ya kai ta wurin wani yaro mai gyara. Ya ce masa: "Share mini komi da komi, kada ka bar ko ɗigo." Yaron ya danna maɓallan gefe, ya share ta da ƙarfi. Bai tambaye shi komi ba.

An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. Lambobin dillalan da ke sayen wakensa sun tafi. Hoton marigayi mahaifinsa, wanda babu irinsa ko'ina, ya tafi. Da aka kunna wayar kuma sai ta ƙi buɗewa. Ta ce sai an sa mata asusun Google na mai ita da kalmar sirrinsa. Shi kuwa bai san su ba, domin mai kantin da ya sayar masa da wayar a can wurin bida shi ya buɗe masa asusun. Wayar tana nan cikin ƙwarya a ɗakin tsohuwa, ba ta kira, ba a kiran ta.

Na farko bai share ba. Na biyu ya share rumbu da hatsi a ciki. Aikin yana da tsari, kuma tsarin hawa huɗu ne: a kwashe, a kwance, a share, sannan a ɗaura wa sabon mai ita. Ba a tsallake hawa, ba a sa na baya a gaba.

HAWA NA ƊAYA: A KWASHE

Duk abin da aka share ya tafi ke nan. Don haka aikin farko shi ne mai waya ya kwashe kayansa.

Lambobin mutane. Wuri uku suke zama: cikin katin layi, wanda ake kira pus ko sim, ko cikin wayar kanta, ko cikin asusun Google. Na cikin kati suna bin kati. Na cikin asusu suna bin asusu. Na cikin waya su ne ke mutuwa in an share. A shiga wurin sunaye, a nemi inda aka rubuta "Exporter", a fitar da su zuwa katin memuwar, ko a tura su sabuwar waya. Katin layi ba shi da babban ciki. Mafi yawansu ba su ɗaukar fiye da suna 250.

Bayan haka, a ɗauko littafi da alƙalami. A rubuta lambobin da ba a so a rasa: ƴan'uwa na nesa, dillali, malamin gona, malamin dabbobi, asibitin da ya fi kusa, mai mota. Lambar Nijar ƙwaya 8 ce. Wanda ya yi wata uku a ajin yaƙi da jahilci zai iya rubuta ta. Littafi ba ya neman caji.

Hotuna da bidiyo. A tura su sabuwar waya ta Bluetooth ko ta Xender, ko a kwafe su cikin katin memuwar. A duba da kyau ko akwai hoton takarda: katin ɗan ƙasa, takardar haihuwa, takardar gona, takardar rigakafin bisashe, rasit na kuɗi. Mutane da yawa suna ɗaukar hoton irin waɗannan su manta.

WhatsApp. Shi yana bin lambar layi. In mutum ya sa layinsa a sabuwar waya, za a aiko masa da lamba mai ƙwaya 6 ta saƙo, ya sa, ya shiga. Amma tsofaffin hirarraki da muryoyi ba su biyo shi da kansu. Mai son su sai ya shiga "Paramètres" na WhatsApp a tsohuwar waya, ya taɓa "Discussions", ya taɓa "Sauvegarde". Za a ajiye su a asusun Google. In ya buɗe sabuwar waya da layi ɗaya da asusu ɗaya, za su dawo. Wannan aiki yana cin mega, yana kuma son rezo mai ƙarfi. Gara a yi shi a gari ranar kasuwa.

Kafin a wuce wannan hawa, a buɗe sabuwar waya a duba. Sunaye sun zo? Hotuna sun zo? In ba a gani da ido ba, kada a ci gaba.

HAWA NA BIYU: A KWANCE

Saniya in za ta canza gida, ana kwance ta daga turken farko. Waya ma tana da turke. Turkenta shi ne asusun mai ita.

Mafi yawan manyan wayoyin da ake shafawa da yatsa, irin su Tecno da Itel da Infinix da Samsung, suna aiki da tsarin Android na kamfanin Google. A shekarar 2015 kamfanin ya sa wa tsarin wani makulli don maganin ɓarayi. In aka share waya da ƙarfi alhali asusun mai ita yana ciki, ba za ta buɗe ba sai an kawo wannan asusu da kalmar sirrinsa. Makullin bai san ɓarawo ba, bai san mai kyauta ba. Shi ya kama maƙwabci na biyu.

Maganinsa mai sauƙi ne. Tun wayar tana buɗe, a shiga "Paramètres", wato wurin da ke da hoton ƙaramar ƙafar inji mai haƙora. A nemi "Comptes". A taɓa asusun Google. A taɓa "Supprimer le compte". Wayar za ta iya neman lamba ko zanen da ake buɗe ta da shi. A sa mata. Wannan bai kashe asusun ba. Ya cire shi ne daga wannan waya kawai. Yana nan yana aiki a sabuwa.

In asusu ya fi ɗaya, a cire su duka. Mai Samsung ya duba ko akwai asusun Samsung, shi ma ya cire. Mai iPhone ya fita daga asusun iCloud, domin ita ma tana da irin wannan makulli.

Wanda ya manta kalmar sirrinsa fa? Kada ya yi gaggawa. In an haɗa asusun da lambar layinsa, zai iya neman sabuwar kalma, a aiko masa da lamba ta saƙo. In ya canza kalmar, ya dakata awa 24 kafin ya share wayar. In kuwa asusun ya ɓace masa ɗungum, to ya tabbata ya fitar da sunaye da hotuna tukuna, sannan ya cire asusun daga wayar tun tana buɗe.

Sai maganar kuɗi. Kuɗin da ake ajiyewa a layi, kamar Airtel Money ko Moov Money, suna bin katin layi da lambar sirri. Amma saƙonnin da ke faɗin nawa ya shiga, nawa ya fita, nawa ya rage, suna zaune cikin waya. In akwai manhajar gidan aika kuɗi, irin su Nita ko Amana, ko ta banki, a fita daga cikinta. Haka Facebook da TikTok da sauransu.

Daga nan a kashe wayar, a zare abu biyu: katin layi da katin memuwar. A yawancin wayoyi shara ba ta taɓa katin memuwar. Wanda ya bar shi ciki ya bar aljihu guda bai laluba ba.

Akwai masu ba da waya tare da layinta, wai don sauƙi. Wannan ba dabara ba ce. A Nijar ana rubuta kowane layi da sunan wanda ya saye shi, da takardar shaidarsa. Haka yake a Airtel, da Moov, da Zamani, da Niger Telecoms. Duk abin da aka yi da layin, sunan mai shi za a nema. Masu bin sa bashi za su kira tsohuwa. Kuɗin da aka aiko masa za su faɗa hannun wani. Kowa ya riƙe layinsa.

HAWA NA UKU: A SHARE

Wasu suna zama su goge hotuna ɗaya bayan ɗaya, su ce sun gama. Ba su gama ba. Wayoyi da yawa suna da kwandon shara, "Corbeille", inda hoton da aka goge ke kwana wajen wata guda. Muryoyi kuma suna ɓuya a lungunan da mai waya bai taɓa shiga ba. Shara ta gaskiya ita ce a mai da waya yadda ta fito daga masana'anta.

Da farko a cika batir. Ya kai kashi 70 cikin 100 ko fiye. In wuta ta ɗauke ana tsakiyar aiki, waya tana iya lalacewa. Wanda ke caji da allon hasken rana ya yi aikin da rana, a inuwa.

A shiga "Paramètres". A nemi "Système". A Samsung ana rubuta "Gestion globale". A nemi kalmar "Réinitialisation" ko "Réinitialiser". A nan za a ga zaɓi da dama. Wanda ake so shi ne mai cewa "Effacer toutes les données", ko mai maganar "usine", wato masana'anta. Rubutun yakan bambanta kaɗan daga waya zuwa waya, amma waɗannan kalmomi su ne alama.

Wayar za ta nemi lambar buɗewa. Za ta sake tambaya ko an tabbata. In an amsa, za ta mutu, ta tashi da kanta. Wani lokaci minti kaɗan ne, wani lokaci ya kusa awa guda. Kada a taɓa ta, kada a cire batir. In ta tashi tana gaisuwa, tana tambayar harshen da ake so, aiki ya yi.

Wanda bai iya karanta faransanci ba, ba abin kunya ba ne ya nemi taimako. Malamin makaranta, ko malamin yaƙi da jahilci, ko ɗalibin gida, duk za su iya. In an je wurin mai gyara, a tsaya a kansa har ya gama. A ce masa ya cire asusu tukuna. Lambar sirrin kuɗi kuwa ba a faɗa wa kowa, ko mai gyara, ko wanda ya kira ya ce daga kamfani yake. Haka lambar nan mai ƙwaya 6 ta WhatsApp. Wanda ya karɓe ta ya karɓe sunan mutum, zai iya roƙon kuɗi wurin danginsa da bakinsa.

HAWA NA HUƊU: A ƊAURA WA SABON MAI ITA

Kyauta ba ta cika ba sai wanda aka ba ya iya amfani da ita.

A duba lafiyar wayar. In bayanta ya kumbura, ko tana zafi sosai wajen caji, batir ya lalace. Irin wannan batir yana iya kama wuta. A canza shi kafin a ba da ita. Tsohon kuma kada a jefa shi cikin murhu, kada a bar wa yara su fasa shi.

A duba shekarunta. A shekarar 2023 WhatsApp ya daina aiki a wayoyin da Android ɗinsu bai kai lamba 5 ba, kuma lokaci lokaci yakan bar tsofaffin wayoyi a baya. In don jin muryar ƴaƴa aka ba tsohuwa waya, a gwada a gani yana aiki kafin a yi mata alkawari.

Sabon mai waya ya sami layi da sunansa. In za a buɗe asusun Google, a buɗe da sunansa, a haɗa shi da lambar layinsa. A rubuta sunan asusun da kalmar sirrin cikin littafi, a ajiye inda ake ajiye takardun gida. Kada mai tafiya bida ya sa nasa asusun a wayar mahaifinsa. In ya yi haka, sunayensa da hotunansa za su iya komowa cikin wayar da ya sha wahalar sharewa.

A danna *#06# kamar za a yi kira. Wata lamba mai ƙwaya 15 za ta fito. Ita ce shaidar wayar, kamar alamar da makiyayi ke sa wa saniyarsa. A rubuta ta. In an sace wayar, ita jami'an tsaro za su tambaya.

In tsoho ko tsohuwa aka ba, a ƙara girman rubutu. A ƙara ƙarfin ƙararrawa. A sa hoton kowane ɗa a kan lambarsa, don wanda bai iya karatu ba ya gane fuska. In manomi ne, a sa masa lambar malamin gona. Ƙungiyar RECA ta manoman Nijar tana amsa tambayoyin noma ta waya da ta WhatsApp, har da Hausa. A tambayi malamin gona lambarsu. In makiyayi ne, a haɗa masa da caja mai kyau da ƴar jaka, don ƙura da ruwa.

In yaro aka ba, uba ya san abin da ke cikinta. Kada a bar manhajar kuɗi a wayar yara.

YADDA TA ƘARE

Maƙwabcin nan na biyu ya shiga ajin karatun manya da rani ya zagayo. Da ƙanwarsa ta zo za ta ba mahaifiyarsu tata tsohuwar waya, shi ya zaunar da ita gindin bedi. Suka kwashe sunaye. Suka tura hotuna. Suka cire asusu, suka zare katuna biyu, sannan suka share. Ya rubuta komi a littafinsa da hannunsa.

Da suka kai wa tsohuwa, ta juya wayar ta ce: "Wannan ma za ta shiga ƙwarya kamar waccan?"

Ya ce: "A'a, Inna. Taɓa fuskar autanki ki gani."

Ta taɓa. Can a Agadas autan ya ɗauka, ya ce: "Inna, ina wuni?" Ta daɗe tana sa musu albarka.

Hoton mahaifinsa dai bai dawo ba. Duk wanda ya zo masa da maganar share waya yanzu, tambayarsa ta farko ita ce: "Ka kwashe?"

A TUNA

1. A kwashe sunaye, hotuna, takardu da muryoyi. A gan su a sabuwar waya.
2. A cire asusun Google da sauran asusai. A zare katin layi da katin memuwar.
3. A cika batir, a share daga cikin "Paramètres".
4. A buɗe wa sabon mai ita da layinsa da sunansa. A rubuta a littafi.

Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa maƙwabcinsa da bai samu shiga aji ba. Malaman yaƙi da jahilci su kai shi aji, a gwada da waya a hannu. A wata mai zuwa, in Allah ya kai rai, filin zai yi bayani kan masu kiran mutane suna cewa sun ci kyauta, da yadda ake gane su.

Allah ya ba da damina mai albarka.